Makanikin Makera da Kwamfutar Eunice

Wani ne a unguwar Makera, makanikin mota, wajen shekarar alif ɗari tara da tamanin da takwas. Ba zan faɗi sunansa ba, don yana nan da ransa, kuma har yau shi ke duba min birki. Mutumin kirki ne, Allah ya sani. Ciwonsa ɗaya: a wurinsa duk abin da ke ƙara a duniyar nan mota ne. Ko jaririn maƙwabta ya yi tari, sai ya karkata kunne ya ce fulogi ne.

To, bawan Allahn nan ya mace a kan wata yarinya, Eunice, 'yar Sabon Tasha, mai buga tafireta a wata masana'anta a Kudenda. Ya yi naci, ya yi magiya ta kai shi ya gaida babanta. Ita kuwa kullum amsarta ɗaya: "Injiniya, je ka wanke farcenka tukuna."

Ana nan sai masana'antar ta sayo kwamfuta. A lokacin kwamfuta ba abin wasa ba ce. Ɗaki guda aka ware mata da iyakwandishan, ba a shiga da takalmi. Manaja kansa yana can yana gumi a ƙarƙashin fanka, ita tana shan sanyi. Aka tura Eunice kwas, aka damƙa mata makulli, aka ce in wani abu ya sami na'urar nan, a bakin aikinta.

Ran wata Asabar da safe Eunice ta kunna ta. Wuta ta kawo, fanka na juyawa, ta yi ƙara ƙit ƙit ƙit, shi ke nan. Gilashi baƙi ƙirin. Ta kashe ta kunna, ta kashe ta kunna, har da addu'a. Mai gyaranta yana Legas, manaja kuma Litinin zai dawo. Sai ga Eunice a garejin makanikin, idanu jawur.

Gogan naka ya fito daga ƙarƙashin mota. "Eunice, wa ya taɓa ki?"

"Kwamfuta ce. Tana kawo wuta, amma ta ƙi tashi."

"Tana kawo wuta, ta ƙi tashi." Ya yi murmushi, ya goge hannu a wando. "Ai wannan ciwon shi ke ciyar da ni. In na tashe ta fa?"

"In ka tashe ta, gobe bayan coci ka zo ka ga Baba."

Ko rufe baki ba ta yi ba ya sungumi akwatin sifana.

A ƙofar ɗakin kwamfutar, Baba Filibus mai gadi ya ce ya cire takalmi. Ya cire. Baba Filibus ya dubi ƙafar, ya ce, "Ɗana, mayar da takalminka. Ya fi tsabta."

Ya zagaya kwamfutar, hannu a baya. "Buɗe min bonet."

Eunice ta kwance murfin. A ciki ga wani koren faifai shimfiɗe, an jera masa baƙaƙen ƙwayoyi kamar kyankyasai, da wasu katuna a tsaitsaye. Ta ce, "Wannan shi ne madabod. An ce shi ne ranta. Don Allah a hankali."

Ya leƙa dama, ya leƙa hagu. "Ina kafireto?"

"Babu."

"Ta ina ake zuba mai?"

"Ba ta shan mai."

"Tun da aka kawo ta ba a taɓa yi mata juye ba?" Ya girgiza kai. "Ku mutanen ofis ba ku da tausayi."

Ya ɗora bakin sukudireba a kan akwatin, ya kafa kunne a ƙotar, ya lumshe ido. Ya ce wa Eunice, "Yi mata kik." Ta kunna. Ƙit ƙit ƙit. Ya ce, "Kin ji ko? Tana so, ƙarfi ne babu." Ya cika kumatu ya hura faifan. Sannan ya zaro kwalbar fetur da tsohon buroshin haƙori.

Eunice ta fizge kwalbar. "In ɗigo ɗaya ya taɓa ta, ko a hanya kada ka ƙara gaishe ni."

Ya mayar da buroshi aljihu. Nan fa gumi ya karyo masa duk da iyakwandishan, don gaskiya tsoro ya kama shi. Yana ganin Sabon Tasha na yi masa nisa. Can idonsa ya faɗa kan wani ɗan batir a gefen faifan, bai kai ɗan yatsa ba. Ya sunkuya ya ɗanɗana shi da harshe, ya miƙe da fara'a.

"Na kama ɓarawon. Wannan ɗan batirin ne zai tayar da wannan uwar na'ura? Eunice, turi za a yi."

"Turin me?"

"Turi dai. Ba ki taɓa shiga motar Kafanchan ba?"

Teburin kwamfutar kuwa mai taya ne. Aka aro doguwar wayar masu walda, aka jona. Aka gungura teburin zuwa baranda. Baba Filibus ya tuɓe hula, aka kira Jethro masinja ya kama masa. Gogan ya haye teburin, ya rungume gilashin da hannu ɗaya, ya danna lamba biyu a kan madannai.

Eunice ta ce, "Wannan kuma na mene ne?"

"Na sa ta a giya ta biyu. Baba, a tura."

Suka tura. Taya na ƙugi, waya na binsu a baya, Eunice na gudu ba takalmi tana kiran sunan Yesu. Shi kuwa sai cewa yake, "Ƙara wuta, Jethro, ba ka karya ba ne?" Da suka kai bakin dakalin ƙofa, tayar gaba ta yi karo, tebur ya yi tsalle ya dire daram. A daidai nan gogan ya danna makunni.

Ƙit. Sau ɗaya tak. Gilashi ya washe, koren rubutu ya fara sauka.

Daga baya mutumin Legas ya ce wani kati ne ya ɗago daga mazauninsa a kan faifan, girgizar ta mayar da shi. Wannan maganarsa ce. A Makera ba wanda ya yarda.

Eunice ta zauna a ƙasa, tana dariya tana share hawaye. "Injiniya, gobe bayan coci. Ka zo da farcen haka, Baba ya gani. Amma in ta sake ƙin tashi ran Litinin, ni kaɗai, wa zai tura min?"

Ya sauko daga teburin, ya kaɗe wando.

"Haba Eunice, matar makaniki za ki zama, ki fara koyo. In kin tashi aiki da yamma, ki riƙa ajiye ta a gangare."