Rasuwar Kwamfutar Aina'u, Da Aikin Lissafi A Cikinta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Malam Gwadabe Sule na Zawaciki, mai aikin injin roba a Sharaɗa, yake sanar da 'yan uwa rasuwar kwamfutar 'yarsa Aina'u. Duk mai kai kayan gida caji wurin aiki ya saurara da kyau, don abin da ya ci wannan gida yana nan tafe.

Marigayiya 'yar gwanjo ce, amma mai haƙuri. Ba ta taɓa ƙorafin zafi ba, sai dai fankarta ta ce fuuu, ta ci gaba da aiki. A cikinta Aina'u, ɗalibar lissafi a jami'a, ta ƙare hutunta tana gina tsarin shafin aikin gida: suna da lamba a sama, tambaya a cikin akwati, amsa a ƙasa, kowace alama zaune a layinta kamar bugun littafi. Malam Gwadabe bai fahimci alamun ba, amma ya fahimci aikin. Mazubi ne, irin na bokiti. In ka gyara shi sau ɗaya, duk abin da ka zuba zai fito sumul. Malamin Aina'u ma ya gani, ya ce ajin duka su miƙa aikinsu a kansa ranar Litinin, makin kowa a nan yake.

Ajali ya zo ranar Asabar. Unguwa ba wuta, sai Malam Gwadabe ya naɗe marigayiya a ɗankwalin Hajjo matarsa, ya kai ta masana'anta kamar yadda kowa ke kai wayarsa, ya jona ta kusa da injinsa don idonsa ya kasance a kanta. Da aka juya daga janareta zuwa wutar gwamnati, ta ce ƙit, ta yi hayaƙi siriri, ta yi shiru. Ya fifita ta da hularsa. Ba ta motsa ba.

Ta rasu ta bar caja mai ɗaurin salatif, da jaka mara zif, da ajin da bai ji labari ba tukuna, da Aina'u wadda tun da ta ji labari gaisuwa kaɗai ke haɗa ta da mahaifinta. Shi kuwa abinci ya ƙi shiga.

Za a ɗauki gawa gobe Lahadi da hantsi, a Keke Napep, zuwa rumfar Mamman mai gyara, inda za a yi mata wanka da sifirit da buroshin haƙora. Ba a buƙatar 'yan rakiya. Mai kwamfutar aro ya zo da ita, ya fi ta'aziyya. Mamman zai buɗe cikinta kafin azahar. Ko tsarin Aina'u yana nan da rai a ciki, har yanzu ba wanda ya sani.