Rasuwar Kalmar Sirrina a Hannun Jikana

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abin da ya fi baƙin ciki zafi, ni Hajiya Mabruka ta Jakara nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kalmar sirrina, wadda nake shiga Allon Jakara da ita, wato dandalin nan na intanet inda muke sa sanarwar suna da biki da cigiyar akuya. Ta rasu ranar Talata da hantsi a hannun jikana Umair, wanda aka danƙa wa dandalin don kawai ya karanta kwamfuta.

Marigayiyar ba wata ba ce, sunan maigidana Malam ne, Allah Ya jiƙansa. Har ya koma ga Mahaliccinsa sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba, ko ranar da likita ya tambaya. Duk Jakara an san bakina ba ya kama shi, to wa zai zaci yatsuna za su kama? Kullum da safe nakan danna haruffansa, ƙit, ƙit, ƙit, waya ta rufa mini asiri da ɗige-ɗige, sai in ji "tin!", ƙofa ta buɗe. Nan kaɗai nake kiransa ya amsa.

Jinyarta gajeriya ce. Umair ya ce dokokin tantance kalmar sirri a warwatse suke, na rajista daban, na canji daban, na wanda ya manta daban. Wai zai tattara su wuri guda ne kawai, babu abin da zai sauya. Na daɗe ina shugabancin makaranta, na san duk yaron da ya ce bai taɓa komai ba ya riga ya fasa wani abu. Da ya tattara, sai ya zaɓi mafi tsanani ya ɗora wa kowa: babban harafi, lamba, wata alama mai kama da ƙugiya, kuma ban da sunan mutum. Ina dannawa jan rubutu ya fito, wai tana da rauni. Mutumin da ya yi fataucin fata har Agadas, shi ne mai rauni!

Da na kai ƙara, maras kunyar ya ce in faɗa masa ita ya ƙara mata lamba a wutsiya. Wato in kama sunan kakansa a gabansa, sannan a buga masa lamba kamar adaidaita-sahu.

Ta rasu ta bar ni, ta bar Binta mai koko, wadda sabuwar kalmarta ta gagare ta har ta ba mai cajin waya ajiya. Ta bar 'Yardada, wadda kullum sai ta ƙwala wa 'yar maƙwabta kira ta kan katanga ta tuna mata tata, layi duka na ji. Wannan shi ne tsaron da masana suka ce mun samu.

Za a yi zaman makoki ranar Asabar bayan azahar a zaurena. Ba za a ambaci sunan mamaciyar ba. Masu ta'aziyya su tako da ƙafarsu, kada su rubuta a Allo, domin ban yi sabuwa ba, ba kuwa zan yi wa Malam magaji ba.

An shimfiɗa wa Umair tabarma a waje, cikin rana. In yana son shigowa, akwai kalmar da zai faɗa a bakin ƙofa. Ba zan gaya masa ba, amma ya kwantar da hankalinsa, tana da ƙarfi.