Ranar da Injiniya A-Wajena Ya 'Yanta Keken Surfani

Don Allah ku daina cewa Linux, tsarin nan na tafiyar da kwamfuta, ba ya aiki. Na gaji. Kullum sai wani ya fito yana kumfar baki: ya saka, waifai ya ɗauke, firinta ta yi gum, saboda haka abin banza ne. Ba haka ba ne. Ni da shi nake aiki, lafiya lau. Abin da kowa ke tsallakewa guda ne. Kowace kwamfuta da irin kayan cikinta, kuma ba kowane kaya aka rubuta wa direba ba, wato 'yar manhajar nan da ke sa na'ura ta ji maganar kwamfuta. Shi ya sa ake zuba shi a filashi, a kunna daga nan, a gwada komai kafin a goge na ciki. Mai tsallake gwajin nan ko dai sabon shiga ne, ko kuma babban mutum irin Injiniya A-Wajena.

Kai, Allah ya yi mana gata da wannan bawa nasa. A guruf ɗinmu na masu Linux babu kamarsa. Injiniyancin ma shi ya ba kansa, don bai ga wata makaranta da ta isa ta ba shi ba. Sauran sunan kuwa mu muka ƙara masa, saboda amsa ɗaya gare shi, kuma tana maganin kowace cuta. Kyamararka ta ƙi buɗewa? "A wajena yana yi." Sifikarki ta yi shiru? "A wajena yana yi." Rannan wani ya sanar cewa matarsa ta haihu, Injiniya bai tsaya karantawa ba, ya rubuta masa "A wajena yana yi." Mutumin da ko aure bai yi ba.

Kuma gaskiyarsa ne, yana yi. Sai ka ga laftof ɗinsa za ka gane yadda yake yi. Waifai na ciki bai taɓa tashi ba, sai ya soka na waje. Sauti ma na waje. Kibod ɗin ciki rabin maɓallan sun yi yaji, ga wani nan a gefe. Wayoyi ta ko'ina suna reto, kamar majinyacin da ake wa ƙarin ruwa ta hannu da ƙafa. Babban abin kuma, ba a rufe ta. In aka rufe murfin ta yi barci, to ba ta sake farkawa. Don haka a buɗe yake ɗaukarta, a kan tafin hannu, ya tsallaka titi da ita kamar mai kai wa baƙi lemo. In ana yayyafi ita ke shan lema, shi ya jiƙe. Da aka tambaye shi, sai ya gyara tabarau ya ce, "Rufe kwamfuta ɗabi'ar ragwaye ce. Tawa ba ta barci, kamar mai ita."

To, wannan gwarzo yana neman auren autar Baba Tela. Baba Tela dattijo ne mai shago a bakin titi, ya tara ya sayi keken surfani irin mai aiki da kwamfuta. Ka zana abu a allo, ka danna, keken ya kama tatata shi kaɗai har ya gama. A makon nan kuwa aiki ne a gabansa: rigunan ƙungiyar ƙwallon layinmu, da za mu saka a wasan ƙarshe. Ya yi wa Koci alkawari kowace riga za ta fito da tambarin ƙungiya a ƙirji, gaggafa ta buɗe fukafukai. Baba Tela mutum ne da ba a taɓa kama shi da saɓa alkawari ba, kuma da wannan yake tinƙaho.

Sai ga Injiniya ya zo gaisuwa, laftof a tafin hannu. Ya durƙusa, ya gaida Baba, ido ya faɗa kan kwamfutar shago. Nan take fuskarsa ta canza kamar ya ga maciji a ƙarƙashin tabarma.

"Baba, ashe har yanzu a cikin ƙangi kuke? Wannan tsarin da kuke amfani da shi ai sarƙa ce a wuyanku. Ku ba ni izini in 'yanta ku. Kyauta ne, Baba. Ni ba na karɓar ladan ceton al'umma."

Baba Tela ya ce, "Ni dai ɗana, keken zai ci gaba da yi?"

"Zai yi har ya gode muku."

Baba ya fita salla. Filashin Linux na aljihun Injiniya, ya zaro ya soka, allo ma ya tambaye shi ko zai gwada tukuna ko zai saka kai tsaye. Gwaji? Shi? Gwaji ai na masu shakka ne. Ya danna a goge komai. Ya tafi da tsohon tsarin, ya tafi da manhajar keken, ya tafi da gaggafar da aka zana. Kafin Baba ya dawo an gama 'yanta shi tas.

Allo ya taso fes, gwanin sha'awa. Aka soka wayar keke. Shiru. Aka zare aka mayar. Shiru. Injiniya ya buɗe baƙin allon nan da ake ba kwamfuta umarni, ya hau buga rubutu da sauri, yana gyaɗa kai kamar likitan da ya gano cuta. Keke dai ko tari bai yi ba. Babu wanda ya taɓa rubuta masa direba a Linux, abin da gwajin filashi zai faɗa masa tun kafin shayi ya huce. Mai gyaran da ke da manhajar keken kuwa ya yi tafiya, sai bayan wasa zai dawo.

Da ƙaramin mutum ne, da sai ya ba da haƙuri. Injiniya miƙewa ya yi, ya sa hannu a baya.

"Baba, alhamdu lillahi, gaskiya ta fito. Kwamfutarku lafiyarta ƙalau. Keken ne bawa. Kamfanin da ya ƙera shi ya ɓoye sirrinsa, shi ya sa ba ya jin yaren 'ya'ya. Shawarata ku sayar da shi. Tarihi zai tuna da ku."

Daidai nan Koci ya leƙo. "Baba, ya rigunanmu?"

Baba Tela ya dubi Koci, ya dubi tulin riguna, ya dubi surukin gobe. Bai ɗaga murya ba.

"Za ka samu, Koci. Ban taɓa saɓa maka ba." Ya jawo kujera 'yar tsugunno, ya ɗauko allura da zare. "Injiniya, tunda keken bawa ne, kai da kake ɗa, zauna nan. Ga riga. Gaggafa ake so."

Jama'a, ya zauna. Me zai yi? Auta na ciki tana jin komai. Mutumin da ke ba duniya amsa da yatsa ɗaya ya yini yana neman ramin allura. Ya soki riga, ya soki yatsa, ya soki wando ya haɗa da riga. Washegari ma haka. Auta ta fito ta ajiye masa filasta da ruwan sanyi, ta ce, "Sannu da 'yanci, Injiniya," ta koma ciki tana toshe baki.

Alkawari dai ya cika, riguna sun iso filin wasa. Tsuntsun da ke ƙirjinmu ne kawai aka kasa gane ko wane ne. Na mai tsaron gida ya yi kama da kazar da ruwa ya duka. Na kyaftin ƙafa uku gare shi. Muna shiga fili 'yan kallon ɗaya ɓangaren suka kama cara. Har yau in mun wuce, "Kaji! Kaji!" ake yi mana. Injiniya kuwa yana bakin layi, yatsu duk filasta, yana yi wa mutane bayani cewa aikin hannu ya fi na inji daraja, sai mai ido ke ganewa.

Baba Tela bai kore shi ba, dattijon kirki ne. Yana nan yana zuwa gaisuwa. Doka ɗaya aka kafa masa: in zai shiga, ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya ajiye filashi a cikin takalmin.

Yanzu ku, 'yan guruf. Kowannenku na da wani abu da ya ƙi yi, kun yi shiru kada a ce ba ku iya ba. Ku buɗe baki. Faɗi irin kwamfutarka, faɗi abin da ya yi da abin da ya ƙi, na bayanka ya sani kafin ya goge wa tsohon wani abincinsa. Ku sauko ƙasa ku rubuta, yanzu. Ina nan ina jira, da kaza a ƙirji.