Talotalo Mai Jiran Gawa

Duk garin Ostby, can arewacin Minnesota, babu mai tausayi irin Marlys Tveit. Ita da bakinta ta sha faɗin haka. Shekara goma sha tara tana shugabantar kwamitin abinci na cocin garin, mai kai girki gidajen makoki, kuma mutuwa ba ta taɓa samun ta ba shiri ba. Matan kwamiti suna kiran ta Uwar Firiza a bayan idonta. Da labari ya kai mata, sai ta ɗauke shi sarauta.

Asirin yana cikin ragowar talotalo. Washegarin Bikin Godiya, ranar da Amurkawa ke cin talotalo, kowa na kwance da cikinsa, Marlys takan bi gida-gida tana karɓar abin da ya saura. Ta yayyaga naman, ta haɗa da taliya da koren wake da miyar gwangwani, ta barbaɗa cuku, ta rufe, ta jera a ƙatuwar firizar garejinta. Kwano goma sha biyu duk shekara. Da yake mace ce mai tsari, takan ɗauko jerin marasa lafiyar da Fasto ke sa wa addu'a ran Lahadi, ta auna jikin wa ya fi tsanani, ta rubuta sunansa da lokacin da take hasashe a salatif ta manna a murfi. Hangen nesa take kiran abin.

"Baƙin ciki ba ya jiran a yanka albasa," takan gaya wa mata, tana ɗaga yatsa.

Bana kujerar tana rawa. Saura mako guda zaɓe, kuma wata Joyce Amundson ta fito takara. Ƙuri'a tara ce, huɗu nan huɗu can. Ta taran tana hannun tsohuwa Gudrun Sletten, mai shekara tamanin da takwas, wadda ba ta daɗe da baro asibiti ba.

Sai 'yar gidan Odegaard ta rasu a hatsarin mota. Shekararta ashirin da uku. Ba ta cikin jerin kowa. Da Marlys ta ji an ce Joyce ta kunna oba, murhun gashi, sai ta ruga gareji ta suri kwanon da ke sama.

Ita ta fara isa da abinci. Nils, uban yarinyar, ya buɗe ƙofa.

"Nils, ba sai ka ce komai ba. Awa guda a oba, a cire murfin a minti goman ƙarshe. Gidaje nawa na gani a wannan hali, kuma duk wanda ya ci wannan yakan ji sauƙi. Kwanon dai a dawo mini da shi, na gado ne."

Nils ya karɓa da hannu biyu. Ya dubi murfin, ya jima yana duba, ya kai kicin ya ajiye a tebur, Marlys na biye da shi. Can Gudrun take zaune tun safe kusa da uwar yarinyar. Ba ta kawo komai ba. Ta laluba tabarau ta saka, ta karanta a fili:

"Gudrun Sletten. Kafin Maris."

Marlys ta fara bayani kan yadda salatif ke ruɗa mutum.

"Yarinya, ashe har wata kika yanka mini," in ji Gudrun. "A sa a oba. Tunda nawa ne, da haƙorana zan ci."

Haka Uwar Firiza ta tsaya awa guda cur da rigar sanyi a jikinta, ta rasa hanyar fita. Aka zuba wa tsohuwa. Ta tauna a hankali, ta ajiye cokali.

"Gishiri ya yi yawa. Da gangan kika yi, don lissafinki ya fita?"

Uwar yarinyar, wadda tun jiya ba a ji muryarta ba, ta rufe baki da hannu, kafaɗunta na motsi don dariya.

Ranar zaɓe Gudrun ta riga kowa isa coci, dafe da sandarta. Ta kaɗa ƙuri'arta, ta juyo ga Marlys.

"Da wuri na zo, yarinya. Kin san lokacina ƙididdigagge ne."