Hannun Boadu a Aljihu

Ranar Litinin ta farkon Maris aka rufe ma'aikatar takalma ta naƙasassu a unguwarmu, nan Kumasi. An kafa rumfa, an kawo makaɗa, Mai Girma shugaban hukumar naƙasassu, wanda ake wa kirari da Uban Tausayi, ya yi jawabi cewa zamanin ɓoye naƙasassu a lungu ya wuce, kowa zai yi aiki cikin jama'a. Maganar gaskiya ce, ban ƙi ta ba. Sai dai duk karatun da na yi kafin na bar koyarwa, ban taɓa cin karo da yadda ake raba wa mutum goma sha bakwai aiki ba tare da an tambayi ko ɗayansu abin da ya iya ba.

Boadu, ƙanin marigayiya matata, yana cikinsu. Injin niƙa ya cinye masa hannun dama tun yana saurayi. Shekara ashirin da shida yana ɗinkin takalma: ya danne fata da gwiwa, ya soka basilla da hagu, ya ja zare da haƙori. Masanan hukuma suka duba takardarsa, suka ga an rubuta yana da fara'a, sai suka tura shi wani kamfanin inshora ya riƙa miƙa wa baƙi katin lambar bin layi. A garin da ko mai tumatir ba ta karɓar abu daga hannun hagu.

Bayan mako guda ya same ni wurin Maame Dufie mai sayar da dokunu, tuwon masarar nan da ake naɗewa a ganye.

"Akonta," in ji shi, haka surukai ke kiran juna a nan, "wuni nake ina cewa a yi haƙuri da hagu. Yau wani dattijo ya tambaye ni ko uwata ba ta yi mini tarbiyya ba."

"Bai ga hannun rigarka ba komai a ciki ba?"

"Ina zai gani? Manaja ya ba ni kwat, ya sa aka cusa tsumma a hannun, aka soke shi cikin aljihu. Wai kada baƙi su tsorata."

Maame Dufie ta ajiye wuƙa. "To ai ka zama babban mutum, Boadu. Hannun dama a aljihu, kana ba dattawa takarda da hagu. Mota kawai ta rage maka."

Ƙorafin baƙi ya yi yawa, sai aka mayar da shi ɗakin ajiya na baya. Kujera ɗaya, ba aiki, ba abokin hira. A da lungunsu na mutum goma sha bakwai ne, yanzu nasa ne shi kaɗai. Ya ce mini kantar yatsunsa ta fara bajewa. Kayan aikinsa kuwa suna kulle a tsohuwar ma'aikata, an ce dukiyar hukuma ce.

Sau uku ina zuwa ofishin Mai Girma. Biyu na farko sakatariya ta ce, "Baba, yana taro a kan naƙasassu." A na uku ya fito, ya kama hannuna da hannu bibbiyu, mai hoto ya ɗauka, ya shige mota tun ban faɗi abin da ya kawo ni ba. Washegari na ga kaina a jarida, an rubuta a ƙasan hoton: ɗan'uwa mai godiya.

Magana ɗaya na je da ita, ba ta kai tsawon gaisuwa ba: ranka ya daɗe, a buɗe masa ƙofa ya ɗauki basillarsa. Aikin, shi zai nemo da kansa.