Bangon da Réjean Ya Gani a Hoto

Ranar ɗaya ga Yuli, ƙarfe bakwai na safe, ranar da mu mutanen Montreal muka ga babu dabarar da ta fi duk gari ya sauya gidan haya lokaci guda, Réjean Thibodeau ya tsaya gaban kabad ɗin da matarsa ta gada daga kakarta, yana bugun ƙirji.

"Awo na makafi ne. Ni abin da idona ya gani sau ɗaya, ya zauna daram."

Abin da idon ya gani kuwa hoton falo ne da mai gidan ya turo ta waya. Ƙafarsa ba ta taɓa taka sabon gidan ba.

Matarsa Ghislaine ta ce, "Ka tabbata akwai wuri hagu da taga? Kabad ɗin nan ba zai kwana a titi ba."

"Bango fari tas, taku biyar. Har soket na gani."

Kada in ɗora masa laifin shi kaɗai. Mu huɗu da muka zo taya su duk mun ga hoton, duk mun gyaɗa kai. Ni har labule na tuna.

Awa uku muna kokawa da kabad a matakalar ƙarfe mai murɗiya. Normand, yayan Ghislaine, shi ne a ƙasa, yana nishi. "Sarkin ido, nauyinsa bai fito a hoton ba?"

Muka shiga falo. Hagu da taga, bangon bai kai tafin hannu ba, sai ƙofar banɗaki.

Réjean ya ce, "Mai gidan nan ya yi gyara."

Ghislaine ta buɗe hoton ta kai masa har hanci. Daidai bakin taga ya yanke. Tagar ma ba duka ta fito ba.

"Nuna min soket, maigida."

"Wayarki ce ƙarama."

Aka buɗe a tasa. Haka yake.

Normand ya share gumi. "Suruki, hoto ya tsaya, kai ka ci gaba da gini. Ka ƙara mana ɗaki ɗaya mana, tunda kyauta ne."

Kabad ya samu wuri a ɗakin kwana, bayan an fitar da babban gado an sa na mutum ɗaya. Ghislaine ce ke kwana a kai. Réjean yana kujerar falo har Yuli mai zuwa.