Jinin Bijimin Baba Yakubu

Ba zan taɓa mantawa da wata Talata a kasuwar shanu ta Mubi ba, ko da na so. Na gama koyon gwajin jini a asibitin mutane, aiki bai samu ba, sai nake zama a shagon kawuna, likitan dabbobi. (Farar riga nake sakawa, ko da shara zan yi.)

Ranar Kawu ya tafi Maiha, sai ga Baba Yakubu daga Sahuda da bijimin huɗarsa, guda ɗaya tal, ga damina ta sauka. Kwana biyu bijimin ya ƙi cin ciyawa. Wani mahauci na biye da su, wai in ciwon ya yi nisa a yanka kafin ya zama mushe.

Maimakon in ce a jira Kawu, sai rawar kai ta ɗebe ni. Na ja jini a wuyan bijimin, na zuba a siririyar kwalba, na sa a injin juyawa. Jinin ya rabu biyu: ja mai kauri a ƙasa, bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba, sauran duk ruwa ne rawaya. A jikin magidanci wannan ƙarancin jini ne, rawayar kuma shawara.

Na gyara murya na ce, "Baba, jininsa ya tsinke. Ba zai kai Juma'a ba."

Baba ya ƙara riƙe igiya. "Ɗana, ka duba da kyau. Shi ne gonata."

"Na duba," in ji ni.

Aka ɗaure ƙafafu, aka kayar da bijimin, mahauci ya fara wasa wuƙa. Baba ya juya baya. Daidai nan babur ɗin Kawu ya tsaya. Ya karɓi kwalbar, ya ɗaga ta sama.

"Wa ya ce a yanka?"

Kowa ya juyo gare ni.

Kawu ya ce, "Lafiyarsa ƙalau. Jan da ke jinin shanu ba ya kai na mutum yawa, rawayar kuwa ɗanyar ciyawa ce ke kawo ta." Ya buɗe bakin bijimin, ya zaro guntun waya da ya maƙale a dasashi.

Baba Yakubu bai zage ni ba, da ma ya zaga. Ya kwance igiya a hankali, ya tambayi Kawu, "Likita, da mutane yake gwadawa? Allah ya kiyaye su."

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Har yau, in aka miƙo mini kwalbar jini, kafin in buɗe baki sai na tambaya: mai shi ƙafa biyu gare shi ko huɗu?